Humrar da Taibatu Ba Ta Sayarwa

Ranar Litinin da la'asar sakaliya Taibatu ta baro ƙauyen Ruwan Gizo za ta koma gida Mafara, ƙullin kajiji a kai, ƙaramar jarka a hannu. Ɗanyen farce ne a jarkar, irin na dodon koɗi da ake sa wa a turare, kwanansa huɗu a jiƙe. Wanda ya san farce a cikin humra kawai bai san wuyar da masu haɗi ke sha ba, don kafin a wanke shi a soya, warinsa ya fi na mushe. Shi ya sa take kai wa ƙawarta Lantana can ƙauye ta jiƙa mata, kada ya hana mijinta Malam Nasidi cin tuwo.

Shekara shida ke nan da ciwon suga ya tafi da idanun Malam, ya bar shi da hanci. Akwai humra guda da Taibatu ke haɗa wa kanta tun tana amarya: sandal, kajiji, farce, da wani abu na huɗu da ko 'yarta Nusaiba ba ta taɓa gaya wa ba. Matan Mafara sun yi roƙon duniya, ta ce ba ta sayarwa ba ce, kuma in Taibatu ta ce a'a, gara ka je ka lallashi dutse. Da wannan humra Malam ke gane ta. Ko cikin mata ashirin ta shigo, zai ɗaga kai ya ce, "Kin dawo." Duk wanda ya zo masa da ƙamshin nan, hannu zai miƙa masa ya bi shi ko'ina, ba tambaya.

Hira ce ta ja ta da Lantana. Zamanin nan kuwa ba mai son magariba ta same shi a bayan gari, manoma duk sun watse. Ta bi gefen kanal ɗin ban ruwa tana sauri don ta kai titi. Kwaɗi sun fara. Iska na kawo warin taki da na albasar da aka ba ruwa, da hayaƙin wani murhu daga nesa.

A kan kwalbati ta ga mace zaune, ta ja baƙin lulluɓi har ya rufe fuska. Taibatu ta yi sallama. Ba a amsa ba.

"Sannu da hanya, mai turare," in ji matar a hankali. "In ga abin da kinka ɗauko."

Taibatu ba ta wuce ciniki ko a gidan makoki. Ta ajiye jarka, ta ciro 'yar kwalba daga jakarta, ta matso. A nan ne ta lura da wani abu. Kowane ɗan Adam da abin da yake tashi a jikinsa, ko zufa, ko man kaɗe, ko daddawar miyar jiya, kuma ita takan ji mutum tun kafin ta gan shi. Wannan mata ba ta tashin komai.

Taibatu ta kama wuyan hannun matar ta ɗiga mata. Hannun sanyi ƙalau, kamar gindin randa. Turare sai da ɗumin jini: kaifin lemo ke fara tashi ya wuce, fure ya biyo, sannan sandal ya zauna ya kwana. Taibatu ta sunkuya ta sansana. Babu lemo, babu fure. Fatar ta shanye shi.

"Ba wanga ba," in ji matar. "Na wuyanki nika so."

"Wanga ba na saidawa ba na."

"Na sani. Na Malam na. Yana zaure yanzu bisa buzu nai, ya juya ga ƙohwa, yana jira. Ya gaji da duhu, baiwar Allah. Ni in kai shi inda za ya gani."

Tsoro ya kama Taibatu. Amma bakinta bai mutu ba.

"Ke ko wacce ta, mutum ko aljan, ba ki samu nai."

Matar ta ja numfashi.

Ta yi ta ja. Ba ta saki ba.

Kwaɗi suka yi tsit.

Warin albasa ya ɗauke. Na taki ya bi shi. Kajijin da ke kan Taibatu ya zama busasshen haki.

Sai ta ji sanyi na bin gashinta, ya sauko bayan kunne, ya zagaye wuya.

Can ta ji ƙamshinta, nata na shekara talatin da ɗaya, yana tasowa daga gabanta, daga cikin baƙin lulluɓin.

Matar ta miƙe. Ta gyara murya sau biyu.

"Malam, na dawo," ta ce, da muryar Taibatu sak.

Ta juya ta kama hanyar Mafara. Ba a jin takunta.

A nan tsoron Taibatu ya koma fushi. Ta hango tsohon nan yana lalubar sanda, yana murmushi, yana miƙa hannu. Ita ce ta shekara shida tana cire masa ƙaya daga kifi, sannan wata banza ta zo ta ja shi kamar akuya? Ba ta san maganin aljani ba, amma ta san abin da ke kashe haɗi. Ɗigo guda na ruwan ɗanyen farce ya isa ya ɓata kwalba.

Ta murɗe murfin jarka. Ta yi bisimilla. Ta bi ta da gudu ta sheƙa mata duka a baya.

Wari ya game wurin.

Matar ta tsaya cak. Ta waiwayo, lulluɓin ya zame.

Babu ido. Babu baki. Ramuka biyu ne kawai a tsakiyar fuskar, suna buɗewa suna rufewa.

"Tai hakanan," in ji Taibatu. "Tai ki gani in ya ba ki hannu."

Yatsu masu sanyi suka damƙi mayafinta. Ta sulle ta bar shi, ta bar kajiji, ta bar takalmi ɗaya. Tana gudu tana jan Ayatul Kursiyyu, tana tuntuɓe tana komawa farko. A bayanta tana jin shaƙar nan, kusa, kusa, har sai da ƙafarta ta taka kwalta. Wani mai babur ya toshe hanci da rawaninsa, amma ya ɗauke ta.

An idar da magariba ta iso gida. Malam Nasidi na tsaye a bakin zaure, sanda a hannu, ƙafa ɗaya a waje. Ta tsaya a gabansa tana haki. Ya ɗaga kai ya shaƙa, ya sake shaƙa, sannan ya ja da baya.

"Wa ta?"

Bai taɓa yi mata wannan tambaya ba. Tambayar ta soke ta fiye da duk abin da ta gani a bakin kanal.

"Ni ta, Malam."

"Haka waccan ma tac ce." Ya ƙanƙame sandarsa. "Yanzun ga ta tashi nan. Muryarki ta, ƙamshinki na, amma da mushe ƙarƙashi nai. Na ɗaga hannu, sai na maido."

Ya ɓoye hannun a bayansa. Sai da ta fizgo shi da ƙarfi ta ɗora a goshinta, ya ji zafi da zufa, sannan ya saki sandar ta faɗi. Ya zauna a dakali yana salati, bai saki hannunta ba har aka kira isha'i.

Tun daga ranar turare bai sake zama a jikin Taibatu ba. Har yau tana haɗa wa amare daga Bakura har Maradun, kuma hannunta bai canza ba, amma ko kwalba guda ta juye a wuyanta, kafin ta kai ƙofa ya mutu. Ragowar humrar tata ta tona rami ta zuba, ba ta sake haɗa ta ba. Masu ban ruwa sun ce wani lokaci da magariba ana jin ƙamshi mai daɗi wajen kwalbatin, da wari a bayansa, sai kowa ya ɗauki fartanyarsa.

Nusaiba ta kawo shawarar a kai farar kaza da turaren wuta wurin, a ba da haƙuri, ko a maido wa uwarta abinta. Tausayi take ji, don kullum tana ganin yadda fuskar Taibatu ke yi in Malam ya ce "Wa ta?" ya jira a miƙa masa goshi.

Taibatu ba ta ko ɗago daga turmin da take daka sandal ba.

"Ko ƙwai ba ni kai mata," ta ce. "Gara shi tambaye ni kullum har in mutu, da shi bi wadda bai tambaya ba."