Ranar Da Waya Ta Kashe Baba

A bakin motar makaranta suka fara haɗa ido, ita tana saka yara, shi yana riƙe da sitiyari. Murmushi ɗaya ya yi mata, Malama ta manta lissafin ɗalibanta.

Soyayya ta yi nisa, har ya turo manyansa. To, akwai ɗan aminin Baba, mahaifin Malama, wani saurayi mai ɗaki cike da wayoyi, wanda ake biya ya baza labari a shafukan sada zumunta barkatai. Shi ma ya ce yana sonta, ta ce masa a kai kasuwa, ya ƙullace ta.

Kwatsam sai ga hoton Direba ko'ina: "Hattara! Wannan yana sayar da yara." Shafukan duk bakinsu ɗaya. Makaranta ta dakatar da shi.

Baba kuwa, duk abin da waya ta faɗa ya zauna daram.

"Baba, wallahi ƙage ne!"

"Mutum dubu za su haɗu a kan ƙarya? Kada ya sake tako min gida."

Kewa ta ci ta cinye Malama. Kullum da safe sai ta leƙa motar, ta ga baƙuwar fuska, ta haɗiye kuka.

"Malamata," Direba ya rubuto mata, "rashin aikin bai dame ni kamar rashin ganinki ba."

"Direbana, ko duniya ta taru a kanka, ni na san hannun da ke ɗaure wa yara takalmi. Ina nan."

Ana haka, wata safiya gida ya cika da 'yan ta'aziyya. Goggo ta shigo da salati, ta tarar da Baba yana shan shayi, ta zubar da takalmi ta yi waje! Ashe shafukan nan ne suka saka hotonsa don farautar mabiya: "Wannan dattijo ya rasu, kada ka wuce ba ka yi masa addu'a ba."

Baba ya ɗauki waya ya duba.

"Mutum nawa suka yi min addu'a?"

"Sun fi dubu, Baba," in ji Malama a hankali. "Za su haɗu a kan ƙarya?"

Ya kife wayar. "Kira min yaron nan Direba. Na zalunce shi."

Da ƙafarsa ya je makarantar ya wanke Direba.

Ranar ɗaurin aure, Baba ya riƙe hannun ango, idonsa ya kawo ruwa.

"Allah ya yi muku albarka. Kowa ya ajiye waya, wannan labarin da bakina zan ba da shi."