Gurbin da Baba Ya Bari

Ranar kasuwar Tanut ce Nafi'u ya leƙa shagon hoton marigayi Manzo, wai hoton kati yake so. Ya tarar da Radiya, ƴar marigayin, ta yi tagumi gaban wata tsohuwar kwamfuta.

"Gardama take yi miki?"

"Kullum sai ta kai kashi tamanin da bakwai ta tsaya," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Tun rasuwar mahaifinta bara ita kaɗai ke wuni a shagon, daga ita sai ƙarar fanka. Tsohuwar manhajar gyaran hoto da ya bari ba ta buɗe hotunan wayoyin yanzu, masu kawo aiki duk sun janye jiki. Ta samo sabuwa, sabuwar kuma ta ƙi shiga, ita ce ke tsayawa a tamanin da bakwai.

Nafi'u mai gyaran waya da kwamfuta ne daga Balbeji, mai bin kasuwanni. Ya ja kujera, ya ɗan latsa nan da can.

"Sabuwar ba za ta zauna ba sai an cire tsohuwar."

"To ta haƙura."

Ta buɗe masa wani hoto. Ita ce cikin shuɗin mayafi, an kewaye ta da furanni, gefen damanta kuwa fili ne fari. A sama an rubuta, "Auren Radiya."

"Baba ya yi shi yana ciwon ajali. Ya ce ran da na samu miji in sa shi nan. Na gwada a kwamfutar wani, baƙi ƙirin ya fito. Tsohuwar kaɗai ke buɗe shi."

Nafi'u ya fita bai ko tuna da hoton katinsa ba. Daga ranar, duk kasuwa sai ya zo da sabuwar dabara, kuma Allah cikin ikonsa ba wadda ta yi aiki. Gyara dai ya ƙi ƙarewa, mai gyaran kuma bai damu ba.

"Ƴar Tamanin-da-bakwai, kin tashi lafiya?" haka yake turo mata.

"Lafiya lau, Malam Gobe-zai-yi."

Inna Lantana, mahaifiyarta, ba ta ga abin dariya ba. "Mutum yau Tarka, gobe Falanko, ina zai ajiye ki? Ga Abdurrazak ɗan gidan mutunci ya kawo miki sabuwar na'ura dal daga Damagaram, kina biye wa mai faci."

Abdurrazak bai da laifi, sai dai ranar da ya kawo kyautar ya nuna ta Baba da baki ya ce a jefar da tarkacen nan. Radiya ta yi godiya, ta bar tasa cikin kwali.

Wata rana Nafi'u ya roƙi ta ba shi kwamfutar ya tafi da ita. Ta ba shi.

Kwana goma sha biyu shiru. Tana zuwa shago ta zauna tana kallon shatin da kwamfutar ta bari a kan tebur. Abdurrazak ya ce ai masu gyara goge komai suke fara yi. Ba ta taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba, sai ta ji kamar Baba ya sake rasuwa. Ta tura wa Nafi'u saƙo:

"In ka goge, faɗa mini gaskiya. Ba zan yafe ba, amma zan daina jira."

Ba amsa.

Ran na sha uku Nafi'u ya shigo, ya rame, kwamfutar naɗe cikin bargo. Inna na jin labari ta biyo sahu don ta sallame shi.

"Wayata ta faɗa rijiya a Tarka," ya ce da kunya. Mai gyaran waya ke nan! "Damagaram na wuce neman faifan ajiyar kwamfuta irin na da. Yanzu biyu ne a cikinta. Sabuwar na kan ɗaya, ta Baba na kan ɗayan, ko taɓa ta ban yi ba."

Radiya ta kunna. Ga shuɗin mayafi, ga furanni, ga farin gurbi yadda yake. Ta fashe da kuka.

Inna ba ta taɓa ganin hoton ba. Ta daɗe tana kallon aikin mijinta kafin ta juya.

"Yaro, kwana goma sha biyu yana hannunka. Me ya hana ka sa naka?"

"Inna, gurbin ba nawa ba ne sai an ba ni."

Inna ta share ido da bakin zane. "Radiya, ba hoto ya zo ɗauka ba tun farko? Ɗauke shi."

Bayan kaka aka ɗaura auren Radiya da Nafi'u. Da tsohuwar manhajar Radiya ta sa angonta a gurbin, da hannunta, ya zauna daidai kamar Baba ya auna shi. Inna ce ta rataye hoton a shago, tana cewa, "Allah ya ba ku zaman lafiya. Manzo, Allah ya jiƙanka, an cika."