Wasiƙar Da Aka Karanta A Cocinsu

Ku yi mini afuwa, 'yan'uwana mata. Ni mai karatu ce kawai, ban taɓa rubuta labari ba sai yau. Sau uku ina yage shafin farko. In kun ga inda na yi kuskure, ku rufa mini asiri...

"Ɗago ki dube ni!"

Muryar Baba ce. Ko takalmin cocinsa bai cire ba.

"Yau a cocin ƙararrawa aka kira sunanki haɗe da nawa, aka ce ke 'yarsu ce. Haka ne?"

"Baba, kuskure ne..."

"Kuskuren wa?"

Hawaye suka fara taruwa a ƙasan gilashina.

Bari in koma baya kaɗan.

Tun zamanin kakanni, mutanen yankinmu suka tashi a ɗarika ɗaya, na wani yankin, waɗanda muke ce wa 'yan cocin ƙararrawa, a wata. Da aka dawo birni, kowa ya taho da cocinsa. A wurinmu sai mutum ya girma ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, sannan a nutsar da shi cikin ruwa. Su kuwa tun yana jariri ake yayyafa masa ruwan baftisma a goshi. Muna gaisawa, muna zuwa jana'izar juna, amma da an ambaci aure sai fuskoki su canza.

Baba dattijon ikilisiyarmu ne. Shekara ashirin yana zama a bencin gaba.

Ni kuwa shagon littattafai nake tsarewa. Bango ɗaya ne tsakaninmu da shagon kwamfuta inda ake cike wa mutane fom. Mai shagon ɗan cocin ƙararrawa ne. Ina ce masa Injiniya, yana ce mini Farfesa.

Da na so yin karatu daga nesa, jami'o'in Kirista biyu na samu. Ta ɗarikarmu ba ta koyar da aikin ɗakin karatu. Ta ɗarikarsu tana koyarwa... kuma a can Injiniya yake shekara ta biyu. Da ƙyar Baba ya yarda.

"Tunda daga ɗakinki za ki yi, shi ke nan. Karatu na ce, ban ce sujada ba."

Ranar cike fom na zauna kusa da Injiniya, fanka na kaɗa takardun teburinsa.

"Sana'a?"

"Kaɗe ƙurar littattafai."

"Aure fa, Farfesa?"

"Rubuta: tana jiran wani mai nawa."

"Kai! Sharri a cikin fom ɗin jami'ar Kirista? Ki ji tsoron Allah, rabin raina."

Muna cikin dariya ya kai layi na bakwai, inda ake tambayar ɗarika da sunan coci. Kullum 'yan cocinsu yake cike wa fom ɗin nan. Hannunsa ya saba. Ko dubawa bai yi ba ya zaɓi nasu ya wuce.

Na gani.

Allah ya sani na gani, na kuma yi shiru. Daɗi na ji da na ga sunana a ƙarƙashin coci ɗaya da nasa, ko da a takarda ne kawai.

Ban san al'adar jami'ar ba. Duk wanda ta ɗauka, sai ta aika wa cocinsa wasiƙa don a yi masa addu'a ranar Lahadi. Wasiƙata ta faɗa hannun sakatariyar cocinsu, wata doguwa mai zaƙin murya da ta daɗe tana kawo wa Injiniya aikin bugawa ko babu dalili. Ta san ni sarai. Ta san 'yar wa ce ni. Da ta so, da ta mayar da wasiƙar a rufe.

Sai ta ɗora ta a saman sanarwa, ta karanta da kanta.

Kafin sati ya zagayo dattawan cocinmu suka zauna. Suka ce wanda bai riƙe gidansa ba, ya dakata da riƙe ikilisiya. Lahadin da ta biyo baya na ga Babana a bencin baya, kusa da ƙofa, hularsa a kan gwiwa. Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi.

Injiniya ya zo gida da la'asar, ya durƙusa.

"Baba, hannuna ne ya yi kuskuren. Ku hukunta ni, ba ita ba."

"Tashi, ɗana. Ba ƙin ka nake ba. Kana son ta?"

"Fiye da yadda zan iya faɗa, Baba."

"To hanya ɗaya ce. Ka zo ka shiga ruwa a gaban jama'a. Ranar nan zan ba ka ita, bakin kowa kuma ya mutu."

Zuciyata ta yi tsalle! Na ɗauka an gama.

Amma Injiniya bai ɗago ba.

Na raka shi bakin ƙofa, na riƙe hannun rigarsa.

"Me ya sa ba ka amsa ba? Ruwa ne fa kawai, masoyi..."

Ya zaro wani tsohon hoto daga aljihu. Wata ramammiyar mace ce riƙe da jariri a gaban fasto.

"Mamana ce. Likita ya hana ta tashi, ta ce ita za ta kai ni baftisma da hannunta. Bayan sati uku ta rasu. Abin da ta yi mini ke nan a duniya, Farfesa. In na sake shiga ruwa, na ce nata bai yi ba."

"To ni fa?"

"Ki zo namu. Ba wanda zai sake miki baftisma, haka za a karɓe ki."

"In na zo, wasiƙar ta zama gaskiya. Baba ba zai sake zama a bencin gaba ba har ya mutu."

Muka tsaya muna kallon juna. Babu mai laifi, babu mai ƙarya.

"Na ga layi na bakwai ranar nan," na ce. "Na yi shiru."

Ya yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo.

"Da kin faɗa, da ni ma zan ce a bar shi haka..."

Na rubuta wa jami'a aka gyara fom. Bayan wata huɗu Baba ya koma bencinsa. Na bar shagon littattafai, don bangon nan ya yi mini siriri. Karatun dai ban bari ba. Duk ranar da aka haɗa mu darasi ta waya, sai in ga sunansa a jerin ɗalibai da ɗan koren ɗigo a gefe, alamar yana kan layi. Ba ya magana, ba na yi.

Bayan shekara guda na ji ana sanarwar aurensa da sakatariya. A cocinsu Lahadi uku ake yi ana tambaya ko akwai mai dalilin hanawa.

A ta uku na je.

Shi ne karo na farko da na taka cocin da aka taɓa cewa nawa ne. Na zauna a bencin ƙarshe, na ja ɗankwalina har goshi. Na hango ƙeyarsa a gaba. Ya rame.

Fasto ya tsaya a wurin sanarwa, inda aka karanta wasiƙata.

"In akwai mai magana, ya faɗa yanzu."

Coci ya yi tsit.

Na taɓa yin shiru sau ɗaya don ina son sa, ya jawo mana abin da ya jawo. Na sake yi, don dalilin bai canza ba.

Aka tashi waƙa. Kowa ya miƙe yana neman shafi. Na cire takalmana na riƙe a hannu don kada su yi ƙara, na bi gefen bango, na fice kafin a kai baiti na biyu.