Kilishin da Ya Yi Gumi a Leda

Ranar Talata ce a tsakiyar watan Agusta, kuma tun da aka idar da sallar asuba ruwa ke zuba a Talata Mafara, irin wanda yake ɗaukewa ya sake dawowa kamar ya manta wani abu. Rana ba ta leƙo ba ko sau ɗaya. Kasuwa dai ta ci, amma a jiƙe.

A rumfar bayan gidan Malam Bawa mahauci, ɗansa Mu'awiya na durƙushe gaban injin liƙe leda, yana zuba kilishi yana dannawa, idonsa na kan agogon waya. An kawo wuta, ba wanda ya san lokacin da za a ɗauke. Motar Kaduna da ta Abuja kuma za su tashi bayan azahar.

Malam Bawa ya tsaya a kansa, ya ɗauki yanki ɗaya ya ɗora a bayan hannu.

"Wanga nama bai huce ba," in ji shi.

Mu'awiya bai ɗago ba. Tsohon ya sake yi masa bayanin da ya sha ji tun yana ƙarami: kilishin da bai sha rana ba, wanda aka ƙarasa a kan wuta, dole ya kwana a shimfiɗe ya sha iska, kuma a takarda ake naɗe shi don takarda na shanye gumi. Mu'awiya ya ce takarda ba ta kyau a hoto, mutanen Abuja leda suke so mai tambari.

"Shekara talatin ina yanka, ban taɓa rufe nama da zafinai ba. Ka bar shi ya kwana."

"Baba, mota ba ta jira..."

Malam Bawa ya dube shi, ya mayar da yankin, ya ɗauki lema ya fita. Kafin azahar leda arba'in da biyu sun shiga mota, na mutum ashirin da bakwai. Uku suka rage a kwando.

Mu'awiya a aji uku na ƙaramar sakandare ya ajiye boko. Ya yi acaba, ya yi cajin waya, ya yi wata huɗu a Gusau wajen mai walda ya gudo. Ba abin da ya zaunar da shi sai ranar da ya ɗauki hoton kilishin mahaifinsa ya sa a WhatsApp, wani ɗan garinsu da ke aiki a Kaduna ya ce a aiko masa. Daga takarda biyu aka fara. Bai karɓi jarin kowa ba. Abin da ya shigo shi yake mayarwa nama, har ya buɗe shafi mai suna Kilishin Bawa, har ya sayi injin nan. Mahautan kasuwa suka sa masa Sarkin Fawan Waya. In ya wuto sukan tambaye shi ko yau sa nawa aka yanka a cikin wayar.

A shafin nan ya haɗu da Nusaiba. Saƙonta na farko ba sayayya ba ce, cewa ta yi hotunansa duhu gare su kamar an ɗauka a cikin rijiya, ya riƙa ɗauka da hantsi. Ya ji haushi, ya gwada, ya ga gaskiyarta. Sai daga baya ya gano ɗiyar Alhaji Yahaya ce na Bakura, mai fataucin shanu, wanda ke sayo dabbobi daga Damaga da ƙauyukan Maradun yana kawo wa su Malam Bawa. Kafin shekara ta zagayo ita ke amsa wa masu rubuto Turanci, shi kuma ba ya kiranta da komai sai Hajiyar Kanti.

Da magabatansa suka je neman aure, Alhaji Yahaya ya karɓe su hannu biyu. Ya ce gidan Bawa ya sani, yaron ne bai sani ba. Ya ce shi bai taɓa ganin shagon da ake sawa a aljihu ba, kuma wanda ya bar sana'a uku ba abin da zai hana shi barin ta huɗu. Ya nemi wata guda ya yi bincike. Ranar Juma'ar nan, bayan an sauko daga masallaci, zai ba da amsa.

Ranar Alhamis da safe Mu'awiya na wanke babur Umma ta kira shi. Tana zaune bakin murhu da leda ɗaya daga cikin ukun nan a buɗe a cinyarta. Ta so ta ba baƙuwa. Ta miƙa masa.

Cikin ledar ya yi raɓa. A gefen naman, inda labu, haɗin gyaɗa da yaji da ake shafa wa kilishi, ya fi kauri, fumfuna ta fara fitowa fari-fari, kuma ƙanshin ya juya. Ya farke ta biyu, haka. Ta uku ita ma haka.

Ya zauna a kan turmi. Umma ta ce ya je ya gaya wa babansa. Ya ce da wane baki? Ya hau babur ya kama hanyar Bakura, taɓo na fallatsa masa har gwiwa.

Nusaiba ta fito zaure da hijabinta a karkace, don bai taɓa zuwa da hantsi ba. Da ta ga ledar sai ta dafe bango. Ta tambaye shi ko wani ya yi ƙorafi. Ya ce tukuna, kayan jiya da yamma suka isa hannun mutane, wasu ko buɗewa ba su yi ba.

Ta yi ƙasa da murya.

"To ka bari sai Asabar."

"Nusaiba..."

"Kwana biyu tal nake roƙo. In maganar nan ta fita yau, kafin la'asar ta isa kara wajen 'yan shanu, kuma ka san Baba a can yake wuni. Cewa zai yi ai dama ya faɗa. Mu'awiya, don Allah, kar ka yi mana haka..."

Hawaye suka zubo mata. Shi ma abin da ya yi ta gaya wa kansa ke nan tun daga Mafara har gadar shiga gari, kuma da ta faɗa sai ya ji daɗin jin sa a bakin wani. Ya ciro wayar don ya kashe ta. Saƙon da ke sama na wata mata ce a Abuja, ta aiko tun jiya: kaya sun iso, ta gode, na yaranta ne, da shi za su riƙa tafiya islamiyya.

Ya juya mata fuskar wayar. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Hajiyar Kanti," ya ce, "in na yi shiru na same ki, kullum na dube ki sai na tuna yadda na same ki. Ba zan iya ba."

Ta share fuska da gefen hijabi, ta ja majina. Ya ɗauka shigewa gida za ta yi. Ta shiga ɗin, amma sai ga ta ta dawo da tabarma da tata wayar.

"Kai ka kira masu jin Hausa. Ni zan rubuta wa sauran. Matar nan za ka fara kira."

Har azahar suna zaune a zauren, shi a wannan gefe ita a wancan. Kowa ya kira magana ɗaya ce: kada a ci, a zubar, kuskurensa ne, zai mayar da kuɗi. Wasu suka yi masa addu'a. Wani ya zage shi har da iyaye. Wata ta ɗauki hoton fumfunar ta watsa, ta ce ga abin da 'yan ƙauye ke aiko wa mutane. Nusaiba ta rubuta sanarwa a shafin da sunansa, tana rubutawa tana kuka, kuma ba ta ɓoye komai ba.

Na ashirin da uku wani ne da ya ajiye lambarsa da sunan Shamsu Kaduna, mutum mai yawan tambaya, wanda kafin ya sayi leda ɗaya sai da ya tambayi wane irin sa ne, wa ya yanka, ina ake shanya. Ya saurari Mu'awiya har ya gama.

"Wa ya sa ka kira ni?"

"Ba kowa. Babana ya hana ni rufe shi da zafi, na ƙi ji."

"Ka san ban buɗe ba? Da ka yi shiru, ƙila ba zan ce komai ba."

"Na sani."

Mutumin ya ce to, ya kashe.

Da la'asar ya koma Mafara ya tarar maganar ta riga shi isa. Ba wanda ya kira shi Sarkin Fawan Waya, kuma shirun nan ya fi tsokanar ciwo. Ya sami mahaifinsa yana wasa wuƙa, ya durƙusa ya faɗi duk abin da ya faru. Malam Bawa bai ce na gaya maka ba. Tambayarsa ɗaya ce, ko akwai wanda ya ci. Da ya ji babu, sai ya sauke numfashi, ya ce a haƙa rami a binne na gida. Kafin magariba Mu'awiya ya kai babur ɗinsa wajen dillali, don a mayar wa kowa nasa.

Ranar Juma'a Baffa Ɗanasabe, ƙanen Malam Bawa, ya tafi Bakura da dattawa biyu. Mu'awiya ya ce su ma bari kawai, ba sai sun je sun sha kunya ba. Baffa ya ce an sa musu rana, zuwa dole ne, ko da a kore su.

Ya wuni a rumfa yana kankare asabarin shanya da ba ya buƙatar kankara. Abincin da Umma ta ajiye masa ya huce. Nusaiba ba ta kira ba, shi ma bai iya kira ba.

Sai bayan la'asar Baffa ya shigo, ya zauna, ya nemi ruwa, ya sha a hankali kamar mai jan rai da gangan. Sannan ya ce bayan gaisuwa Alhaji Yahaya ya sa hannu ƙarƙashin darduma ya ciro leda mai tambarin Kilishin Bawa ya ajiye a tsakiyarsu. A gefensa akwai wani baƙo da ya iso daga Kaduna daren jiya, Shamsuddeen, ƙanen mahaifiyar Nusaiba. Shi aka sa ya saya a ɓoye, shi ne binciken. Nusaiba kanta ba ta sani ba, don da wani layi ya yi amfani.

Mu'awiya ya runtse ido.

Baffa ya ce a gabansu aka farke ledar. Lafiya lau take, ƙamas, ko ɗigon raɓa babu. Ga alama tana cikin na farko-farkon da suka riga suka huce. Har Alhaji ya gutsura ya ci.

"Sai ya ce mana," in ji Baffa, "shi a kara ya tsufa. Ya ce dillalin da zai buɗe bakin saniya da kansa ya nuna maka aibinta tun ba ka tambaya ba, a rayuwarsa uku ya sani, biyu sun rasu. Ya ce, 'Shagonai har yau ban gane shi ba. Amma mai shagon na gane shi. Na ba shi.'"

Umma ta saki guɗa daga bayan labule. Mu'awiya ya kifa kansa a gwiwa, kafaɗunsa na girgiza, yana ta maimaita alhamdulillahi.

Baffa ya ƙara da cewa akwai sharaɗi ɗaya: in uba ya ce nama ya kwana, to ya kwana, ko motar Makka ce za ta tashi. Malam Bawa ya yi wata 'yar dariya ta hanci ya ci gaba da jan carbi.

Wayar ta yi ƙara. Nusaiba ce, muryarta a dishe.

"Sarkin Fawan Waya... ka ci abinci kuwa?"

"Yanzu zan ci."

"To ka ci. Gobe da hantsi ka ɗauki hoton Babanku yana naɗe kilishi a takarda. Shi za mu sa a shafi. Kuma kar ya yi duhu."

Bayan sallar layya ta shekarar da ta biyo aka ɗaura aure a Bakura. Kilishin Bawa na nan har yau, ana barin sa ya kwana, a naɗe shi a takarda, sannan a sa a leda, kuma ranar da aka yi ruwa shafin kan rubuta cewa yau babu aike.

Abin da Talatar nan ta ci shi ne: leda arba'in da huɗu ta kilishi (ban da wadda Alhaji ya gutsura), cinyar sa biyu, babur ɗaya, mabiya shafi kusan ɗari uku, da masu saye tara da ba su sake dawowa ba. Nusaiba ba ta ciki.