Takalmin da Na Cire a Ƙofar Coci

"Raliya, ki faɗa min gaskiya... ke ce wannan?"

Mijinyawa, wanda zan aura, ya turo min wayarsa a kan teburin shayinmu a kasuwar Souq Waqif, a ƙasar Larabawan da muke zaune. Ni ce mana! Ga ni tsaye cikin wani tsohon coci na Faransa da na je gani a hutuna, ƙafa ba takalmi, na ɗaga kai sama, baki buɗe.

"Sauda ce ta nuna wa Hajiya," ya ce a hankali. "Wai ibada kika je yi. Hajiya ta ce a dakatar da ɗaurin aurenmu."

Sauda 'yar ƙanwar mahaifiyarsa ce, ta daɗe tana sonsa, kowa ya sani.

"Kai ma ka yarda?"

Ya kawar da kai yana juya kofin shayinsa.

Wallahi shirun nan ya fi maganar Sauda ƙona min rai. Na suri jakata.

"Tashi ka kai ni wajenta. Yalla, mu je!"

A gidansu na unguwar Old Airport na durƙusa na gaida mahaifiyarsa, Hajiya Zuwera. Da ƙyar ta amsa. Sauda na gefe tana danna waya, kamar ba ita ta haɗa abin ba.

"Me ya kai 'yar Musulmi coci?"

"Gini, Hajiya. Aikina ke nan, zanen gine-gine. Tun ina makaranta nake son ganin yadda aka ɗora dutse kan dutse, ya yi ɗaruruwan shekaru bai faɗi ba."

"To takalmin fa?"

Kunya ta kama ni.

"Sabo da shiga masallaci ne, Hajiya... Na ga ƙatuwar ƙofa, ciki tsit, kowa na magana ƙasa-ƙasa. Ban san sanda na tuɓe su ba. Sai ga mai gadi ya biyo ni da su a hannu yana ta Faransanci, wai in saka, ƙasan da sanyi!"

Bakin Hajiya ya motsa, ta danne dariyar.

"Su da takalmi suke shiga?"

"Har da masu tsini."

"Ikon Allah! Kika ce dutse kan dutse, wato ba rodi a ginin?"

"Ba siminti ma irin namu."

"To me ya riƙe rufin?"

Na matsa kusa, na buɗe sauran hotunan. Na nuna mata ginshiƙan da suka tokare bango ta waje, da tagogin gilashi ja da shuɗi masu zuba haske a ƙasa.

"Hajiya, kada fa ta ruɗe ki da..."

"Ke Sauda, yi min shiru, tambaya nake!"

Mijinyawa ya tsuguna kusa da ni, murya can ƙasa.

"Ki yafe min, zuciyata. Tsoron rasa ki ne ya ɗaure min baki."

"Ban huce ba tukuna," na ce, alhali hawaye sun riga sun tona ni.

Hajiya ta gyara tabarau, ba ta ko ɗago ba.

"Kai, kira kawunka a Kano, ka ce kada a taɓa ranar ɗaurin auren nan. Ke kuma 'yata, hau nan kusa da ni, ƙara min girman tagar can in gani da kyau."