Da Ƙoda Biyu Na Haife Shi

Nafisat na tankaɗe a tsakar gida sai ga surukarta, Dada Dijatu, ta faɗo daga Mugulbu ko sallama babu, da jarkar jiƙo a hannu.

"Ina yaron nan? Ke ne kin ce a yanka shi?"

Mijinta Mansir ya fito da sauri. Ko lallen amarcinsu bai gama gogewa ba keke napep ya kife da shi a hanyar kasuwar shanu. Aka yi masa sikanin a ga ko ya ji ciwo a ciki, sai aka hango ɗan ƙari a ƙodarsa ta hagu, bai kai goro ba. A Yola aka sake hoto, likita ya ce zai iya zama ciwon daji, gara a yanke shi tun yana ƙarami a bar masa ƙodarsa.

"Dada, ki zauna mana..." in ji Mansir.

"Ba na zama! Mutum yana cin tuwo malmala uku, ko bayanshi ba ya ciwo, a ce za a feɗe shi? Mun ji labari, ƙoda ne suna cirewa su sayar! Bakinta ɗaya da dokta. Ka sallame ta ka sha wannan, ko ban yafe nonona ba!"

Mansir dai namiji ne a gaban bijimi, amma a gaban uwarsa sai ya koma kamar kazar da ruwa ya doka. Ya dubi matarsa, ya dubi jarka. Ranar nan Nafisat ta kasa zaune ta kasa tsaye, ta sha kuka har ta gode Allah. Ba zargin ne ya fi ƙona mata rai ba, tsoro take kada abin ya yi ta girma ana ta jiƙo.

Da la'asar ta durƙusa gaban tsohuwar.

"Dada, mu tafi tare. Ki ƙirga ƙodojinsa da idonki kafin tiyata da bayanta. In ɗaya ta ɓata, da ƙafata zan koma gidanmu."

"Da ƙoda biyu na haife shi. Na yarda!"

A asibiti aka nuna wa Dada hoton, ta ƙirga: ɗaya, biyu. Sai likita ya gyara zama.

"Gaskiya ɗaya ce. Niyyarmu mu cire ƙarin kaɗai. Amma in mun shiga muka tarar ya yi zurfi, dole mu cire ƙodar gaba ɗaya."

Nafisat ta dubi mijinta. Mansir ya raɗa mata, "Beb, mu fasa kawai. Ba zan iya rasa ki ba."

"A'a Yaya, fasawa babu. Gara ka rayu ba ni, da in zauna ina kallon abin nan yana cin ka."

Dada ta ji sarai, ta kau da kai.

Ranar tiyata Nafisat ta yi ta safa da marwa a baranda, tana jan carbi. Can ta ji an kamo gefen hijabinta.

"Zauna, kina sa ni jiri," in ji Dada, ta matsa mata a benci.

Da Mansir ya fara takawa aka sake hoto. Dada ta kafa ido, ta sa yatsa: ɗaya... biyu! Ta hagun da ɗan giɓi kamar an gutsiri ƙosai.

"Ko ɗaya na gani ma ba inda za ki je," ta ce, hawaye na bin kuncinta. "Ɓarawo ba ya sa aurenshi a kan abin da ya sata. Ki yafe mini, 'yata."

Nafisat ta faɗa jikinta tana kuka. Haka abin yake: ciwon da bai yi ƙara ba shi ake tara da wuri, kuma mai ƙaunarka na gaskiya ya yarda ya rasa ka in dai za ka rayu. Jiƙon kuwa, a gindin mangwaron gidan ne Dada ta juye shi da hannunta.