Jujin Malam Dikko

Shekarun da kuɗin mai suka shigo, ƙaramar hukuma ta sayo tifa, ta ɗebi samari aikin kwashe shara da haƙa lambatu a Tambuwal. Cikinsu akwai Na'iya, ɗan Kebbe, Allah ya jiƙansa. Dogo ne baƙi, ga wushirya.

Wani hantsi yana duƙe bayan katangar wani gida yana duba inda ruwa zai bi, sai aka watso toka mai zafi ta saman katangar, ta sauka a wuyansa. Ya yi ƙara, ya jefar da shebur. Wadda ta watso ta leƙo da tasa a hannu. Ni'imatu ce, ɗiyar mai gidan, Malam Dikko.

"Wayyo Allah! Mi kaka yi bisa jujinmu?"

"Aiki nika yi, baiwar Allah. Haka kuke tarbar baƙo garinku?"

Ta ruga ta kawo man shanu a murfin kwano. Ya ce, "Ke za ki shafa min, ni ba ni ganin bayana."

"Ji min mutum! Sheburinka ya shafa maka."

Ta shige gida tana dariya. Shi kuwa ya manta da zafin.

Daga nan kullum bayan la'asar yana ƙofar zaurensu. Yana ce mata Hasken Ido, ita tana ce masa Bakebbe.

Jujin nan ya kusa kai katanga tsawo. Toka ce da ƙaiƙayi da kashin awaki na shekaru. A wurin hukuma shara ce, ta tare hanyar ruwa. Duk damina ruwan yakan juya ya afka gidajen gangare, har katanga ta taɓa danne wata tsohuwa ta karya mata ƙugu. A wurin Malam Dikko kuwa taki ne, abincin gonarsa. Mai kai masa shi gona da jakuna duk shekara shi ne Dawuda, ɗan ƙanensa. A unguwar kowa ya san wanda yake yi wa dattijo wannan aiki ɗiyarsa yake nema.

An zo wa Malam Dikko da magana ta lalama ya ƙi. Sai ranar da ya tafi kasuwar Dogon Daji, tifa ta tsaya bayan gidansa, aka ce a kwashe. Na'iya ya roƙi shugabansu a jira mai gida. Aka ce masa ko ya ɗauki shebur ko ya koma Kebbe. Ya ɗauka.

Sun kusa gamawa Dawuda ya iso da abokansa, kowa da sanda. Ya sauke wa Na'iya gora a ka. Jini ya wanke masa fuska. Ya ɗaga hannu ya kare, ta biyu ta sami damtsen, aka ji ƙashi ya ce ƙas. Lebarori suka yi kansu da shebur da diga. Aka farfasa gilashin tifa, aka fasa wa direba baki, Dawuda ya tofar da haƙora biyu. Mata suna ta ihu ta saman katanga. Ni'imatu ta fito ba mayafi, ta ga ana jan Na'iya a ƙasa kamar buhu, ta faɗi nan.

Da Malam Dikko ya dawo ya ga fili fetal bayan gidansa, sai ya shiga ya zabga wa Ni'imatu mari.

"In na ƙara jin sunan ɓarawon takin nan bakinki, ni da ke ne."

An kai Na'iya Kebbe wajen mai ɗori. Hannun bai ƙara miƙewa daidai ba. Waɗanda suka yi masa wankan ƙarshe ma sun gani.

Dawuda ya sami Ni'imatu a bakin rijiya, bakinsa a kumbure. Ya ce, "Wa ya faɗa ma Na'iya Baffa za shi Dogon Daji? Ke ce. Don wannan yake zuwa zancenki, sakarya."

Maganar ta soke ta, don kuwa ita ta faɗa masa cikin hira. Ba ta iya rubutu ba, sai ta tafi gidan Goggo Atu, ƙanwar babanta mai kai daddawa kasuwar Kebbe. Goggo tana da rikoda. Ni'imatu ta yi magana a kaset:

"Na'iya, ni ce. An ce ni kaɗai ce ban san abin da ya kawo ka ƙofarmu ba. In don juji ne, ka samu. Allah shi ba ka lafiya. Kada ka dawo."

Goggo ta dawo da kaset ɗin, an yi magana a ɗaya gefen:

"Hasken Ido, na ji. Wallahi ban faɗa wa kowa ba, amma hannuna ya kwashe, ba ni musu. Ba ni barci don hannu, yanzu kin ƙara min da wanga. Ki bari in tashi. Abin da na ɗauka ni zan maida."

Ta saurara har batir ya mutu.

Tun ɗorin bai gama kamawa ba ya aro jakin babansa ya taho Tambuwal. Ya je ramin bayan gari inda tifa ta zubar da jujin. Da hannu ɗaya ya riƙa tsince kwalabe da tsofaffin batura, gwangwanaye ya kai wa masu ƙera fitila. Takin ya riƙa cika mangala yana kai wa gonar Malam Dikko, yana zubawa tsibi-tsibi yadda ake yi.

Labari ya kai gida. Malam Dikko ya ɗauki sandarsa ya nufi gona, Goggo Atu da Ni'imatu suna bin sa suna ba shi haƙuri. Dawuda ya riga su. Daga nesa suka hango ya ture Na'iya ƙasa, ya taka hannun da ya karye, ya zare adda.

"Aikina za ka ƙwace? Gonar Baffana?"

Ni'imatu ta wuce babanta da gudu, ta faɗa kan Na'iya. Addar ta sauka a hannunta na dama, daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Jini ya yi tsartuwa. Dawuda ya saki addar. Malam Dikko ya sauke masa sanda a kafaɗa, ya ƙara, ya ƙara, sai da Goggo ta riƙe shi tana kuka.

Na'iya ya warware ƙyallen ɗorinsa da haƙori ya ɗaure mata. Yana cewa, "Dube ni, Hasken Ido, kada ki rufe ido."

"Na ce maka kada ka dawo," in ji ta.

Dattijon ya tsaya yana haki. Ya dubi ɗiyarsa, ya dubi tsibin taki har ƙarshen gona. Ya duƙa ya damƙi ɗaya, ya murza, bai ji kwalba ko ɗaya ba.

"Kai kaɗai ka yi wanga?"

"Ni da jaki, Baba."

"Ɗora ta bisa jakin, mu kai ta asibiti. In ta tashi, ka turo min manyanka."

Ta tashi. An ɗaura aure bayan kaka, a ƙofar gidan, mutanen gangare suka cika layi har bakin sabon lambatu. Dawuda bai zo ba. Malam Dikko ya kama kan ɗiyarsa.

"Na mare ki kan gaskiyarki, ki yafe min. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a mai jin ƙai."

Da aka kai ta Kebbe, 'yan rakiya suka watse, ta tashi za ta ɗauko masa tulun ruwa, hannun ya ƙi. Shi ma ya gwada, nasa ya ƙi. Suka dubi juna.

"To, Bakebbe, yaya za mu yi?"

"Kama can da mai lafiyar, in kama nan."

Haka suka ɗauko shi tare, ruwa yana zuba musu a ƙafa, suna dariya.